Kiran da Tela Ta Yi Kafin Bita

A ɗakin kati na wani asibitin unguwa akwai wata mata da kowa ke kira Tela, alhali ko maɓallin rigarta ya cire sai ta kai wa maƙwabciya. Ba tufafi take ɗinkawa ba, aure take ɗinkawa. Da zarar ta ga mace ta miƙo kati ido a kumbure, to aikin kati ya tsaya ke nan, layi ya yi ta jira. Za ta ja matar gefe, ta ba ta kujera, ta ba ta ruwa, ta tatse labarin tas. Bayan kwana biyu sai ka ga mijin zaune gabanta kai a sunkuye tana yi masa wankin babban bargo. Ƙarshe a yi dariya, a tafi gida tare, ita kuwa ta koma kujerarta tana gyara ɗankwali tana cewa, "Harshe da haƙori ma ana saɓawa." Ba muguwa ba ce, wannan kam kowa ya shaida. Ta dai yarda ne cewa babu ɓarakar da bakinta ba zai ɗinke ba, kuma shekara da shekaru babu wanda ya zo ya ƙaryata ta.

Ana gobe za ta je bitar da aka sa sunanta, wata mata ta zo da kunne a yage. An fizge ɗan kunnen ne har ya tafi da nama. A asibiti kuwa mutum ba shi da suna sai na ciwonsa, don haka tun kafin Sista ta gama ɗinke wurin matar ta zama Mai-kunne. Da fari ta ce ƙofa ce ta kama ta.

"'Yata," in ji Tela, "na haifi kamar ki. Wace ƙofa ce mai yatsu?"

Sai kuka ya ƙwace wa matar. Ta ce mijinta ne, mai ɗaukar hoto. Ta ce ba yau aka fara ba. Wannan karon dai ta ɗauki 'yarta ta gudu gidan wata ƙawarta mai kitso a bayan tasha, wadda shi bai san da ita ba. Wayarta ma tana hannunsa. Sista ta ce ta dawo gobe da tsakar rana a wanke ciwon. Da za ta tafi ta riƙe hannun Tela da hannu biyu ta ce, "Gwaggo, ke kaɗai na gaya wa."

Tela ta kwana da abin a ranta, tana tsara yadda za ta ɓullo masa. Da safe, kafin ta wuce wurin bita, ta biya ta ɗakin kati ta zaro katin matar. A bayan kowane kati akwai wurin lambar wanda za a nema in ta ɓaci, kuma tun lokacin awon ciki matar ta ba da ta mijinta, kamar yadda kusan kowace mace ke yi. Tela ta kira shi, ta yi masa tatas. Shi kuwa ba musu, sai "Haka ne, Gwaggo," "Na yi kuskure, Gwaggo," da wata murya mai laushi. Ya ce tun da suka tafi bai runtsa ba, bai ma san ko 'yarsa ta ci abinci ba. Nan ya kama ta.

"Kwantar da hankalinka, ɗana. Suna nan lafiya lau wurin ƙawarta mai kitso."

"Wace mai kitson, Gwaggo?"

"Oho, ta bayan tasha dai. Kai dai ka zo asibiti da tsakar rana, za ta zo wankin ciwo. Ka zo da ladabinka, ni zan zaunar da ku."

Ta ajiye waya tana jin daɗin kanta. A lissafinta bitar ba za ta wuce hantsi ba: a yi jawabi, a sha shayi, a sa hannu, a watse.

Zauren bitar yana saman bene a babban ofishin ma'aikata, da kujerun roba a jere da fankoki da yawancinsu ado ne kawai. An tattaro mutane daga ko'ina, na gidan ruwa, na ofishin haraji, 'yan kwana-kwana, malaman makaranta, wata daga ɗakin karatu, duk masu aikin da jama'a ke tsayawa gabansu kullum. Tun a ƙofa aka tare su da kwali, kowa ya jefa wayarsa. Tela ta jefa tata, ta samu wuri kusa da taga, ta zare takalmi ɗaya don ƙafa ta sha iska.

Mai koyarwar wata siririyar mata ce mai dasasshiyar murya, ba kwalliya, ba doguwar gaisuwa. Ta ce a kira ta Malama kawai. Ta ce ta daɗe tana aiki a gidan da ake ɓoye matan da suka gudo daga duka.

"Macen da ake duka a gida," in ji ta, "ba kasafai take fara zuwa wurin 'yan sanda ba. Wurinku take zuwa. Ta zo kan maganar famfo, ta zo sauya wa yaro makaranta, ta zo karɓar kati. Wani lokaci ku kaɗai ne mutanen waje da aka bar ta ta gani. Ba a ce ku zama alƙalai ba. Ku ja ta inda ba za a ji ba. Ku saurara. Ku yarda da ita."

Tela tana ta gyaɗa kai, har tana duban na kusa da ita, wani mutumin gidan ruwa, don ya shaida cewa ita tun ba yau ba ta san wannan karatun.

"Ku tambaye ta me take so. Ku nuna mata inda za ta samu taimako. Kuma duk abin da za ku yi, kada ku nemi mijin. Kada ku kira shi, kada ku aika masa, kada ku haɗa su sulhu."

Hannun Tela ya tashi da kansa.

"Malama, da izini. Wannan kam ba za ta yiwu ba. To in ba a kira miji ba wa za a kira? Aure ai zo mu zauna ne, zo mu saɓa. Ni nan da kika gan ni, gidajen da na ɗinke Allah kaɗai ya san yawansu."

"Gaskiya ne," in ji mutumin gidan ruwa. "Tela ce guda, ƙanwar matata ma ita ta mayar da ita ɗakinta."

Malama ba ta yi dariya ba, ba ta kuma ɓata rai ba. "Cikin waɗanda kika mayar, Inna, nawa ne suka dawo suka ce miki dukan ya tsaya?"

"Ai ba su dawo ba. Alamar an zauna lafiya ke nan."

"Ko kuma alamar sun gane cewa in sun zo wurinki gida za a mayar da su."

Zauren ya yi "Hmm!" Tela ta ji maganar har cikin ƙashinta, amma ta taɓe baki. Yarinyar da ba ta fi ƙanwar ƙanwarta ba ce za ta koya mata zaman duniya?

"Zo mu gwada," in ji Malama. Ta jawo tebur ta zaunar da Tela a bayansa. "Ke ce a wurin aikinki. Ni ne mijin."

Ta ja da baya, ta sassauta kafaɗu, ta haɗa hannuwa a gaba, ta tako a hankali. Da ta buɗe baki, dasasshiyar muryar nan ta koma lallausa.

"Sannu da aiki, Inna. Don Allah matata nake nema. Na san na yi kuskure, sharrin zuciya ne. Wallahi tun da ta tafi ban runtsa ba. Ba ma ita ba, yaran ne, ban san ko sun ci abinci ba."

Mutane suka fashe da dariya, don ta kwaikwaya ƙwarai. Tela ba ta yi ba. Sai ka ce Malama ta laɓe ne a ɗakin kati da safe ta haddace maganar mai hoto, har inda yake jan numfashi.

"To, Inna, me za ki ce masa?"

Tela ta juya ta dubi kwalin wayoyi da ke bakin ƙofa.

"Kun gani?" Malama ta juya ga zauren, muryarta ta dawo tata. "Ba da sanda yake zuwa wurinku ba. Da ladabi yake zuwa, kuma abu ɗaya yake nema, ya san inda take. Ranar da mace ta fita, ya ga abin da yake riƙe da shi ya suɓuce, ranar ce ya fi zama abin tsoro. Matan da muka rasa, da yawansu ba suna cikin gidan muka rasa su ba. Bayan sun fita ne, wani mai kyakkyawar niyya ya nuna hanya. Na gode, Inna, koma ki zauna."

Ta koma, amma zama bai karɓe ta ba. Ta sa takalmi, ta zare, ta sake sawa. Ta dubi taga, rana ta fara ɗagawa sama da rufin ofishin da ke kallon nasu. Ta shiga lallashin kanta: ai muryarsa ta mai nadama ce, ai mutumin da sana'arsa sa jarirai dariya ce ba zai yi wani abu a gaban jama'a ba, ai asibiti ne, ga maigadi. Sai wani tunani ya zo ya rushe mata duka. Tsawon wayar nan bai tambayi kunnen ba ko sau ɗaya. Tambaya guda ya yi, wace mai kitson.

Ta yunƙura za ta tashi ke nan ƙofa ta buɗe, sai ga babban darakta da 'yan rakiyarsa, ya zo buɗe taron da aka daɗe da buɗewa. Kowa ya miƙe. Aka jawo masa kujera daidai bakin ƙofa, kwalin wayoyi yana gefen ƙafarsa. Ya gyara tabarau, ya fara da tarihin ma'aikatar tun kafuwarta. Allah ya yi mutanen da ba su san ƙarshen magana ba, kuma yau Tela, wadda ita ma cikinsu take, ta ɗanɗana abin da masu layi ke ji a gaban teburinta. Ya ce "a taƙaice" ya ƙara tafiya. Ya ce "daga ƙarshe" ya tuna wani abu. Gumi yana bin bayan Tela, ƙafarta tana kaɗawa har kujerar roba tana ƙara.

"Lafiya, Tela?" mutumin gidan ruwa ya raɗa mata. "Ko bayi ne?"

"Rabu da ni, don Allah."

Da aka tafa, aka ce a sha shayi, ba ta tsaya ganin kofi ba. Ta kutsa cikin mutane har inda Malama take haɗa takardunta.

"Malama, wata tambaya ce. Wata abokiyar aikina ce ta yi kuskure, ta kira wani miji…"

"Yaushe kika ce masa ya zo?"

Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Tela ta zayyana mata komai a tsaye. Ta yi zaton faɗa za ta sha, ta ma fi son a yi mata faɗan. Malama ba ta da lokacinsa. Ta yagi gefen takarda ƙanƙane, ta rubuta lamba ba tare da suna ba, ta danƙa mata, ta tono mata wayarta daga kwali.

"Ki saurare ni. Ki riga shi ganinta, ko ta halin ƙaƙa. In kun haɗu da shi kada ki yi masa faɗa, kada ya ga kin canza fuska. Ita kuma ki gaya mata gaskiya duka, ba rabi ba. Ki ba ta lambar nan, zan kira mutanenmu su zauna da shiri. Daga nan ki yi shiru."

"Shiru?"

"Shiru, Inna. Ita za ta zaɓa, ba ke ba. Maza."

Tela ta sauko benen nan riƙe da ƙarfen gefe, gwiwoyinta na ƙorafi. Tasin farko cike, na biyu ba can ya nufa ba, na uku ta ɗauke shi shata ba ta ko yi ciniki ba. Sai kuma suka tarar da babbar mota ta lalace a tsakiyar hanya, ababen hawa sun cunkushe, kowa na danna oda kamar oda ce za ta ɗaga ta. Ta kira Dogo, abokin aikinta na ɗakin kati. Ta yi ta ƙara ba a ɗauka ba. Ta sake. Ta sake.

"Ran Gwaggo ya daɗe!" in ji Dogo daga ƙarshe, baki cike da abinci. "Baƙonki ya iso tun ɗazu. Mutumin kirki, wallahi, har hoto ya ɗauke mu ni da maigadi."

"Ita fa? Mai-kunne ta zo?"

"Tukuna. Yana nan bakin ƙofa yana jiran ta."

"Kai direba, babu wata hanya ne?"

Direban ya dube ta ta madubi, ya ga fuskarta, ya karya kan mota cikin wani lungu.

A bakin ƙofar asibiti ta same shi, tsaye a inuwar ɗakin maigadi, inda duk mai shigowa sai ya wuce ta gabansa. Matsakaicin mutum ne, tsaf da shi, riga a goge, kyamara rataye a wuya. Yana ganin maigadi ya nuna ta sai ya taho da sauri ya rusuna har ƙasa, ya karɓi jakarta.

"Gwaggo, sannu da hanya. Allah ya saka da alheri. Samun irinku a zamanin nan sai an tona."

Jiya da ta ji haka da kanta ya ƙara girma. Yau idonta ya wuce shi zuwa motar da ke gefe. An juya kanta tana kallon titi, inji na aiki, wani ƙato zaune a wurin direba, ƙofar baya a buɗe kaɗan. Wanda ya zo zaman sulhu ba ya barin mota a kunne.

"Ƙanena ne," in ji mai hoto, da ya ga inda take kallo. "Don kada ta sha wahalar bas da ciwo. Ba ta makara kuwa, Gwaggo? Ko mu leƙa bayan tashar ne? Masu kitso a wurin ba su da yawa."

Tela ta tattaro duk dariyar da ta rage mata ta shimfiɗa a fuska.

"Kai, ɗana, gaggawa aikin shaiɗan. Ka tsaya a ƙofa kamar mai kamun ɓarawo, in ta hango ka ai juyawa za ta yi. Shigo ciki ka zauna. Shi ma ƙanen naka ya kashe mota ya shigo, ɗan gida ne, da shi za a yi maganar."

Ya auna ta da ido. Idon mai hoto ne, ya saba gane murmushin da ba na gaske ba, kuma Tela ta ji yana bin fuskarta sannu a hankali. Ba ta bari ya gama ba. Ta kama hannun rigarsa tana zuba, tana tambayar mahaifiyarsa, tana yabon kyamarar, tana kukan gwiwa, har ta kai su can cikin ɗakin kati, bayan kantocin fayil, inda babu tagar da ke kallon ƙofa. Ta zaunar da su. Ta ce Dogo ya kawo shayi, ya kuma nuna musu hotunan bikin ƙanwarsa su ga ko wanda ya ɗauka ya iya aiki.

"Bari in ga Sista in dawo," in ji ta.

Ba wurin Sista ta je ba. Ta bi ta bayan ɗakin magani, ta wuce ramin da ake ƙona shara, ta fita ta ƙaramar ƙofar da masu shara ke bi, ta zagaya har inda bas ke sauke mutane, kusa da rumfar mai faci. Daga nan ana hango ƙofar asibiti, don haka ta raɓe bayan tarin tayoyi.

Bas ta tsaya, ta zubar da 'yan makaranta, babu ita. Wata ta zo, wani tsoho da kwando ya sauka. Tela ta shiga zullumi kala-kala. In a tasi ta zo fa, aka sauke ta daidai ƙofa? In ta ɗaya ɓangaren ta ɓullo fa? In shayin Dogo ya ƙare? Ta leƙa titi, ta leƙa ƙofa, ta leƙa titi, wuyanta har ya gaji. Mai faci ya miƙo mata benci, ta zauna, ta miƙe tun bai juya ba.

Sai ga ta. Ta sauko a hankali, gyale ja ya rufe gefen kanta, tana dafe da shi don kada iska ta ɗaga. Tela ta fito ta tare ta. Matar na ganin ta fuskarta ta washe.

"Gwaggo! Ke ce a titi da ranar nan?"

Murmushin nan ya fi zagi zafi. Tela ta ja ta bayan tayoyin.

"'Yata, kada ki shiga. Yana ciki, shi da ƙanensa."

Matar ta ƙame. Ba ta tambayi wa ba. Idonta ya tafi ƙofar asibitin, ya sauka kan motar, ta gane ta.

"Ya aka yi ya sani?"

Ga ƙofofin tsira nan a buɗe gaban Tela. Za ta iya cewa bin ta ya yi. Za ta iya cewa wani ne ya gan ta jiya, ko ta ce oho, kuma matar za ta yarda, har ta yi mata godiya don ta tare ta. Harshenta ya riga ya ɗauko ɗaya daga ciki, ta haɗiye shi da ƙyar.

"Ni na kira shi. A katinki na ga lambar. Na ce ya zo in sasanta ku."

Injin mai faci yana ta huci a bayansu.

"Da saura," in ji Tela. "Na gaya masa kina wurin mai kitso, a bayan tasha."

Hannun matar ya saki gyalen ya dafe ƙirji, bandejin ya fito fili, jini ya ɗan ɓata gefensa.

"'Yata tana can."

"Yana ciki tukuna, na sa an ba su shayi, ba su…"

"Ba ni wayarki."

Ta miƙa. Matar ta buga lambar ƙawarta da ka. "Ni ce," in ji ta. "Ki ɗauke ta yanzu ku fita ta baya. Kada ki tsaya ɗaukar komai. Ya sani. Kada ki tambaye ni, ki fita kawai." Ta kashe, ta dubi Tela, sannan ta matsa can kusa da injin, inda ƙara za ta rufe muryarta, ta juya baya ta buga wata lambar.

Tela ta tsaya inda aka bar ta. Magana ta cika mata baki fal. Tana son ta ce ba da mugun nufi ta yi ba, tana son ta ce ta kwana da tunaninta, tana son ta ce ki yafe ni, ta ce haƙuri, ta ce ga gidana ki zo ki zauna. Duk gaskiya ne, kuma duk don ita kanta ta ji sanyi ne. Ta cije leɓe ta riƙe su. A rayuwarta ba ta taɓa aiki mai wuyar wannan ba.

Matar ta dawo tana danne-danne a wayar, sannan ta miƙa mata. Tela ta zaro 'yar takardar daga ƙullin zanenta.

"Wannan lambar wasu mata ce. Suna da wurin da ba zai sani ba, da ke da yarinyar. Suna jiran kira, in kina so."

Matar ta dubi takardar, ta ga babu suna a jiki, ta ninke ta ƙanƙane ta cusa cikin takalmi. Ba ta ce za ta kira ba, ba ta ce ba za ta kira ba.

"Kunnen fa? Bari in sa Sista ta fito ta baya da kayan wanki, ba zai gani ba."

"Kunne ya jira." Ta ja gyale ta rufe. "In kina so ki yi min wani abu, ki koma ki riƙe shi. Ki riƙe shi har iya ƙarfinki. Kin iya magana."

"Zan riƙe shi, wallahi zan riƙe shi."

Wata bas ta tsaya a tsallaken titi, mai komawa inda ba asibiti ba, ba kuma tasha ba. Matar ta tattare zane ta nufe ta. Tela ta san an ce ta yi shiru, ta kuma yi har ta gaji, amma ganin bayan matar na nisa da jini a bandeji sai abin ya fi ƙarfinta. Ta bi ta har bakin kwalta.

"'Yata! Ina za ki? In dai san inda kike, hankalina ya kwanta."

Matar ta waiwayo. Da fushi ne a fuskarta da Tela ta fi samun sauƙi. Babu fushi, gajiya ce kawai, da wani irin mamaki.

"Gwaggo, ke ce za ki tambaye ni?"

Ta tsallaka ta shiga. Bas ta ja, ba ta leƙo ta taga ba.

Tela ta tsaya a rana da waya a hannu, kunya ta rufe ta tun daga kai har ƙafa. Sai zuciya ta raya mata cewa ko ba komai lambar da matar ta kira tana ciki, anjima in ta sallami mutumin za ta iya bugawa ta ji ko sun isa lafiya. Ta buɗe wurin kiran da aka yi, ta kare hasken rana da tafin hannu, ta duba sama ta duba ƙasa. Matar ta goge duka biyun kafin ta miƙo mata wayar.